Yadda ake zaɓe tsakanin RAV4 da CR-V in za ka sayi ƙaramar jif karon farko

Duk wanda ya tara 'yan kuɗinsa yana son ƙaramar jif, ko ya zagaya ko ya daɗe yana tambaya, ƙarshe dai a kan mota biyu yake tsayawa, Toyota RAV4 ko Honda CR-V. Su ne suka cika titi a Kano da Kaduna da Abuja, kuma ba yau suka fara wannan gogayya ba, RAV4 ta fito 1994, CR-V ta biyo ta 1995. Sai ka ji ana ta musu a majalisa wai wacce ta fi, to ni a ganina wannan tambayar ce ma ke jefa mutane cikin asara, don RAV4 ta 2007 da RAV4 ta 2015 suna kawai suka haɗa, inji daban giya daban, haka ma CR-V ta 2013 da ta 2018. Shekara da inji da giya za ka fara zaɓa, sannan ka duba lafiyar ita wannan ɗin da aka ajiye a gabanka. Ga yadda za ka bi abin.

Mataki na farko, ina za ka riƙa shiga da ita

Zauna ka faɗa wa kanka gaskiya. Motar ofis ce da kai yara makaranta cikin gari, ko kuwa duk ƙarshen wata sai ka je ƙauye gaida tsofaffi ta hanyar burji da yashi? Mutum nawa za su riƙa shiga? In ta lalace a garinku, akwai bakaniken da ya san ta ko sai an jawo ta zuwa birni? Wannan ta ƙarshen ita ce babba, mai zama a Kano kusa da Ƙofar Ruwa ko Kaduna kusa da Panteka ko Abuja kusa da Apo ba shi da fargabar kayan gyara na ko wacce a ciki, amma wanda yake can wata ƙaramar hukuma mai nisa, kayan Toyota da bakaniken Toyota sun fi saurin samuwa, wannan kowa ya sani.

Kuma kada kalmar jif ta ruɗe ka, ba Prado ba ce ba Hilux ba ce. RAV4 ta 2013 zuwa 2018 tsayin cikinta daga ƙasa kamar santimita 16 ne, kaɗan ta ɗara Camry, CR-V ta 2012 zuwa 2016 ma kusan haka take. Wadda ta gabace ta, RAV4 ta 2006 zuwa 2012, ta fi tashi, kamar santimita 19, sai daga 2019 aka ɗaga ta zuwa kusan 21, ita kuma CR-V daga 2017 ta kai 20 zuwa 21. In hanyarku da damina tana zaizayewa to waɗannan lambobin sun fi launin mota muhimmanci. Sannan da yawa daga cikinsu tayoyin gaba kawai ke ja, mai jan taya huɗu za ka ga an rubuta AWD ko 4WD a bayanta, amma rubutu ana iya liƙa shi, ka durƙusa ka leƙa ƙasa ka ga ko akwai dogon ƙarfen nan da ya tafi zuwa tayoyin baya.

Mataki na biyu, kuɗi

Kada ka zuba duk abin da ke hannunka a kan farashin mota. Ka ware na la'adar dillali, na bakaniken da zai duba maka, na lamba da takardu da inshora, na sabis ɗin farko, da na taya don sau da yawa sai an canja. In kuɗinka ya kai na sabuwa dal a leda, je wurin dilolin kamfani na gaskiya ka karɓa da garanti a rubuce, ka huta da rabin abin da zan faɗa a ƙasa. Yawancinmu dai ko ta Beljiyam ce ko ta hannu. A shekara ɗaya da lafiya ɗaya, za ka tarar CR-V ta ɗan fi sauƙi, RAV4 ta fi tsada, amma ranar da ka tashi sayarwa RAV4 ba ta kwana, kuɗinta yana riƙe kansa. In kai mai canja mota ne bayan shekara biyu ka saka wannan a lissafi, in kuwa za ka riƙe ta har ta tsufa a hannunka, sauƙin CR-V riba ce gare ka.

Mataki na uku, shekara da inji da giya

Nan ne aikin yake, don haka a yi haƙuri zan ɗan daɗe. Abin da zan lissafa na waɗanda suka zo daga Amurka da Kanada ne, su suka fi yawa a kasuwarmu.

RAV4 ta 2006 zuwa 2012 ita ce mai safaya a rataye a ƙofar baya, ƙofar kuma gefe take buɗewa. Ta 2006 zuwa 2008 mai silinda huɗu injinta 2.4 ne, kuma wannan injin ya yi ƙaurin suna wajen shan baƙin mai, Toyota da kanta ta amince da matsalar ta gyara wa mutane da yawa a can, amma ba ka san ko taka tana cikin waɗanda aka gyara ba. Daga 2009 aka sa mata 2.5, wannan kam inji ne mai haƙuri, in za ka sayi wannan samfurin ka yi ƙoƙari ka kai 2009 zuwa sama. Akwai kuma mai silinda shida, wato V6 3.5, ƙarfin doki 269, tana gudu kamar me, amma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 sai ka yi tunani sau biyu kafin ka ɗauko ta. RAV4 ta 2013 zuwa 2018 an cire safayar bayan, ƙofa ta koma ɗagawa sama, inji 2.5 mai ƙarfin doki 176 da giya shida ta gargajiya, wato mai sarrafa kanta irin ta da mai hawa-hawa. Abin lura a nan, wasu na 2013 zuwa 2015 suna ɗan karkarwa in kana tafiya a hankali tsakanin kilomita 40 zuwa 80, daga giya ne, zan dawo kansa wajen gwaji. Daga 2019 sabon inji 2.5 mai ƙarfin doki 203 da giya takwas.

CR-V ta 2007 zuwa 2011 injinta 2.4 da giya biyar, mota ce mai ƙarko, abin da ke damunta AC da makullan ƙofa, wasu na 2010 da 2011 kuma su ma suna shan baƙin mai. Ta 2012 zuwa 2014 har yanzu 2.4 ne da giya biyar ta gargajiya, ƙarfin doki 185, kuma in ka tambaye ni wannan ce CR-V ɗin da ta fi dacewa da mai sayen farko. A 2015 Honda ta canja giya zuwa CVT, wato wadda ba ta da hawa-hawa, bel ɗin ƙarfe ne ke yawo tsakanin faifai biyu, ba za ka ji tana canja giya ba, kuma ta 2015 ɗin mutane sun yi ta ƙorafin tana jijjiga in an tsaya inji na aiki. Daga 2017 aka kawo ƙaramin inji 1.5 mai turbo, ƙarfin doki 190, duk da ƙaramar samfurin LX ta ci gaba da 2.4 har 2019. Wannan 1.5 ɗin an yi ta maganar fetur yana gangarawa cikin baƙin mai, abin ya fi faruwa a ƙasashen sanyi da gajerun tafiye-tafiye, mu zafinmu ya rage mana wannan, amma motar ai daga can ta zo, ta riga ta yi shekarunta a cikin sanyin.

Ba wai CVT ko turbo abin banza ba ne, a'a, suna rage shan mai kuma suna da daɗin tuƙi. Matsalar ita ce ba sa yafe kuskure. CVT ɗin Honda man HCF-2 take sha, ba wani ba, in yaron gareji ya ɗura mata man giya na kowa da kowa to ka fara tara kuɗin wata giyar, kuma masu iya buɗe ta su gyara ba su da yawa, galibi sai dai a sauke a ɗora wata. Turbo kuma yana son baƙin mai na asali a kan lokaci. Giyar gargajiya tana ɗaukar sakaci ta daɗe kafin ta nuna fushi. Shi ya sa nake cewa wanda zai riƙa shiga ƙauye, ko wanda ya san ba shi da tsayayyen bakanike, ya nemi RAV4 mai 2.5 ko CR-V ta 2012 zuwa 2014. Wanda yake birni, yana da gareji mai kwamfuta da ya yarda da shi, yana kuma bin ƙa'idar sabis, CR-V ta 2017 zuwa sama za ta ba shi daɗin da RAV4 ba za ta ba shi ba.

Af, kada ka ɗauka duk RAV4 giyar gargajiya gare ta. Akwai mai inji 2.0 da ake sayarwa a Turai da Afirka, ita ma mai sarrafa kanta yawanci CVT ce, don haka ka tambaya ka gani da idonka.

Mataki na huɗu, shiga ciki da iyali

Wannan mutane suna raina shi. Je da uwargida ko wanda zai fi zama a baya, ku shiga ku zauna, ka gyara kujerar direba daidai tsawonka sannan ka koma baya ka ga ko gwiwarka na taɓa ta. A nan CR-V ce gaba ba musu, a sababbin samfura wurin miƙe ƙafa a baya ya ɗara na RAV4 da kamar santimita 7 zuwa 8, ƙofofin baya suna buɗewa sosai ta yadda tsoho ko mai goyo zai shiga ba wahala, but ɗinta ma ya ɗan fi faɗi kuma bakinsa ƙasa-ƙasa ne, ɗora buhu ba sai an sha wuya ba. RAV4 kujerunta sun ɗan fi tauri, injinta kuma yana da ƙara in ka taka, musamman ta 2019 zuwa sama. Kunna AC ka bar ta a rana ka ga minti nawa zai ɗauka kafin na baya ya ji sanyi, a watan Afrilu za ka gode wa kanka.

Mataki na biyar, shan mai

A takardar gwajin Amurka, RAV4 ta 2019 da CR-V mai 1.5 kusan kunnen doki suke, kamar kilomita 12 zuwa 13 a lita ɗaya, a cunkoson gari da AC ba za ka samu haka ba. Tsofaffin sun fi sha. Masu haɗin batir da fetur, wato haibirid, sababbinsu suna kai kusan kilomita 17 a lita, RAV4 ta fara tata daga 2016, kuma a wannan fannin Toyota ta daɗe tana yi, masu gyaran ma sun fi sabawa da tata. In za ka ɗauki haibirid sai an jona kwamfuta an duba lafiyar batirin, kuma ka sani akwai fanka mai sanyaya shi da ke jan iska daga wajen kujerar baya, ƙurar hunturu tana toshe matatarta, a riƙa sharewa. CR-V haibirid ta 2023 zuwa sama ba ta zuwa da safaya, batir ya cinye wurin, mai tafiyar Kano zuwa Maiduguri ya san abin da wannan ke nufi.

Mataki na shida, lambar shasi

Kafin ka ɗauki bakanike, karɓi lambar shasi, haruffa da lambobi 17 ne, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofar direba, su biyun su zo ɗaya kuma su dace da ta takarda. Na 10 a jerin shi ke faɗin shekara, D 2013, E 2014, F 2015, G 2016, H 2017, J 2018, K 2019, L 2020. Wannan kaɗai ya isa ya kama maka wayon da ake yi na canja fitilu da bamba a ce maka 2013 ta zama 2017. Sannan ka biya a ciro maka rahoton tarihin motar na Carfax ko AutoCheck, ka kuma rubuta lambar a Google, sau da yawa hotunan motar a wurin gwanjon Copart ko IAA suna fitowa, ka gan ta yadda take kafin mai gyaran bodi ya taɓa ta. Ƙaramin bugu a bamba ba komai ba ne. Wadda jakar iskarta ta fashe, ko shasi ya lanƙwashe, ko ambaliya ta shanye ta, wallahi ko da rabin kuɗi ne bar ta, motar ruwa wayoyinta a hankali suke ruɓewa, yau wannan gobe wancan. Rahoton zai kuma nuna maka tafiyar da ta yi, ka gwada da abin da mita ke nunawa don ana mayar da shi baya. A shafin hukumar NHTSA ta Amurka mai kula da lafiyar motoci kuma kyauta ne ka saka lambar ka ga ko akwai gyaran kamfani da ba a yi mata ba, CR-V har zuwa 2011 tana cikin masu jakar iskar Takata mai hatsari, sannan matsalar famfon mai na Denso da ta taso a 2020 ta shafi wasu motocin kamfanonin biyu.

Mataki na bakwai, dubawa da sassafe

Je da bakanikenka, ba wanda dillali ya kawo ba, kuma ka biya shi kuɗin dubawa ko an saya ko ba a saya ba, don kada ya zama sai an yi ciniki zai samu. Ku je da safe, ka ce kada a tayar da ita kafin ku iso, ɗora hannu a kan inji ka tabbatar da sanyi yake. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, fitilun gaban direba duk su kama, har ta inji da ta jakar iska da ta ABS, in ka tayar su mutu. Wadda ba ta kama ba tun farko an kashe ta ne don a ɓoye wani abu. Sai ka kasa kunne a daƙiƙun farko, CR-V mai 2.4 tana da wata ƙara kar-kar-kar ta ɗan lokaci in ta kwana, sananniyar matsala ce kuma tana gyaruwa amma a rage maka kuɗinta. Wani ya tsaya bayan salansa, hayaƙi mai shuɗi-shuɗi shan baƙin mai ne. Zaro sandar gwajin baƙin mai ka shinshina, in CR-V mai turbo ce ka ji warin fetur sosai ko man ya wuce alamar sama, yi hattara. Buɗe murfin da ake zuba man ka haska ciki, in ka ga baƙin dasƙararren abu to mai ita ba ya sabis.

Lagireto ruwan sanyaya inji mai launi ya kamata ka gani, ba ruwan rijiya mai tsatsa ba. A ta hannu ka tambaya ko an cire tamostat ko an haɗa fanka kai tsaye, in an yi to wataƙila ta taɓa yin zafi. A ɗaga ta ko a hau rami, a duba indomi, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa, yana nan ko an sare, a duba ɗigar mai, shoka, robobin ƙafa, da tsatsa don motocin Kanada gishirin titi yana cin cikinsu. Ɗaga kafet da wurin safaya ka nemi laka ko warin danshi. Bi jikin bodi da ɗan maganaɗisu a nannaɗe cikin ƙyalle, inda ya ƙi kamawa fila ce aka cika, amma ka gwada a ƙofofi da gefe don wasu sassan ba ƙarfe ba ne tun asali. Taya kuma akwai lambobi huɗu a gefenta, 2319 na nufin mako na 23 a 2019, in ta tsufa ko zanenta da saura zafin kwalta zai iya fasa ta. A ƙarshe a jona kwamfuta, in bakanike ya ce an goge bayanan kwanan nan, tambayi dalili. Mai sitiyarin dama da aka juya zuwa hagu kuwa kada ma ka tsaya.

Mataki na takwas, gwaji a titi

In da hali ka tuƙa su biyun rana ɗaya a hanya ɗaya, kuma zagayen layi bai isa ba. Kashe rediyo. A RAV4 ka riƙe ta a hankali tsakanin 40 zuwa 80 ƙafarka sama-sama a kan totur, in ka ji ta yi gir-gir kamar ka hau ƙananan kunya a titi, giyar ce. A CR-V mai CVT tashi daga tsaye ya zama sumul, ba fizga ba kuka ba jinkiri, ka kuma tsaya a D da burki da AC a kunne ka ji ko kujera na rawa. Samu fili ka murɗe sitiyari har ƙarshe ka zagaya a hankali dama da hagu, ƙas-ƙas daga gaba shaf ne, gurnani daga baya a CR-V mai AWD yawanci man difaransha ne ya tsufa, shi ma nata na musamman ne. Hau hanya mai gargada ka saurari ƙafa, taka burki da ƙarfi ka ga ko tana ja gefe, sannan ka bar ta tana aiki da AC ka sa ido a kan allurar zafi.

Mataki na tara, takardu da biya

Takardar kwastam ita ce gaba da komai, kada ka yarda da kwafi ko za a kawo gobe, je ofishin kwastam a tantance maka da lambar shasi, a Janairun 2017 an hana shigo da motoci Najeriya ta kan iyakar ƙasa kuma motar da ba ta biya fito ba ana iya ƙwace ta a hanya ko ta yi shekaru a hannunka. In ta hannu ce ka ga mai ita ido da ido da katin shaidarsa, sunan ya dace da na takarda, a rubuta yarjejeniya da shaidu, a yi canjin mallaka. Biya ta banki zuwa asusun mai sunan, ka riƙe rasit, la'ada kuma a yanke ta tun kafin a yi ciniki. Ka karɓi makulli biyu in akwai, na waɗannan motocin yankan sabo da saita shi ba arha.

Daga wurin saye kada ka wuce gida a yi ta zagaye da 'yan'uwa, wuce gareji. A juye baƙin mai da filta, a zuba wanda aka rubuta a kan murfin injin ko littafinta, yawancin waɗannan 0W-20 ne, RAV4 daga 2019 ma 0W-16 aka rubuta mata, in bakanike ya ce a zuba mai kauri wai don zafin ƙasarmu ka nuna masa murfin. Man giya kuma ka je da kanka ka sayo a wurin da ka yarda da shi don jabu ya yi yawa, WS na Toyota mai giyar gargajiya, DW-1 na Honda mai giya biyar, HCF-2 na Honda mai CVT, ka tsaya a wurin a buɗe robar a gabanka a zuba, ka rubuta kwanan wata da lambar mita a ɗan littafi ka jefa cikin aljihun gaban mota.